Injiniya da Jakunkunan Bikin Ikram

Ni ba na kama sunan maigidana, amma za ku ji shi a bakin mutane, don a 'yan kwanakin nan babu sunan da ake kamawa a Dukawuya kamar nasa. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, bayan wani ɗan zama da ya yi a shagon kwamfuta can wajen Shahuci, inda daga baya na ji ashe tayar da janareta ne aikinsa. Ni kuwa Sa'ida, da karatuna ya tsaya a ƙaramar sakandare, duk abin da ya faɗa sai in gyaɗa kai. Wuyana har ya saba, wani lokacin kafin ya kai ƙarshen magana ya riga ya gyaɗu da kansa.

Shagon ya rufe, aiki ya ƙi samuwa. Sai kawunsa Sule ya aiko daga Legas, wai ya taho ya kama masa lodin albasa. Ni ko shekara ban cika a ɗakina ba. Ba na son tafiyar nan ko kaɗan, amma ba ni da bakin faɗa. Iyakacina in ya ambaci Legas, ranar miya ta ƙone.

Wata safiya ya ajiye kofin koko ya ce, "Sa'ida, na gano abin da ke damun sana'ar Baba."

Babana, Alhaji Isyaku, baduku ne gaba da baya. Jaka, takalmi, tintim na kishingiɗa, babu abin da ba ya fita daga zaurensa, kuma ban taɓa jin wani abu na damun sana'ar ba. Amma na gyaɗa kai.

"Fata mai kyau, ɗinki mai kyau, ciniki kuma irin na zamanin jakuna. Kullum waya a kunne, ana 'ba na jin ka, ɗaga murya'. Zan buɗe masa imel. Kafin damina ta fita, daga Turai za a riƙa layi a ƙofar gidan nan."

"To Legas ɗin fa?" na tambaya a hankali.

"Wa zai bar ofis ya je ya rungumi buhun albasa?"

Wallahi ranar har nama na ƙara masa.

Sai dai akwai kunyar surukuta. Baba ba ya kallon idon maigidana, ba ya kama sunansa, ba ya yi masa magana kai tsaye. Shi ma in ya je gaisuwa, daga bakin zaure yake durƙusawa yana kallon takalminsa. Duk abin da za su faɗa wa juna sai ya bi ta wajen Baffa Gambo, ƙanin Baba, wanda shi ke kula da tukwanen rini. Ta bakinsa amsa ta zo: akwai Hajiya Zinariya, 'yar Dala ce amma tana zaune a Abuja, za ta aurar da 'yarta Ikram, tana son ƙananan jakunkunan da za a raba wa 'yan biki. Dama ta daɗe tana ƙorafin a riƙa yi mata komai a rubuce. A gwada mijin Sa'ida da ita. In aikin ya fita, ya zauna.

Ranar da ya buɗe imel ɗin a tsohuwar kwamfutarsa, ina gefe ina tsintar shinkafa. Ya kira ni. "Zo ki ga ilimi. Kin ga waɗannan 'yan ɗigo-ɗigon a ƙasa? In na taɓa nan, na kunna wannan, shi ke nan, data ta daina zurarewa. Sirrin injiniyoyi ne, ba kowa ake nuna wa ba."

Ban san me ya kunna ba, amma kafin azahar na kai labarin tsakar gida. Na samu 'Yardada, tsohuwar da muke gida ɗaya da ita, tana murza ƙuli-ƙuli, na ce mata ai maigidana har inda ake rage cin data ya sani.

Ta ce, "Madalla, matar Injiniya. In ya gano inda ake rage cin tuwo, ki turo min shi, ina da jikoki."

Saƙon Hajiya ya iso, gwanin kyau. Layin dangin uwa da kalarsa, na dangin ango da tasa, na ƙawayen amarya da tasu. Na hango ja, na hango rawaya, na hango kore, sai ka ce zannuwa a kan igiya.

"Ado ne irin na mata," in ji shi. "Bari ta ga namu."

Ya wuni yana tsara abin da za a sa a saman amsa. A wani shafi daban ya yi shi, da manyan baƙaƙe masu ruwan zinariya, har da zane a ƙarƙashi. Da ya gamsu, ya kwafo ya liƙa a cikin amsar. Sai ga abu ya koma 'yan ƙananan baƙaƙen rubutu sirara, kamar tururuwa ta bi layi. Rubutun Hajiya da ya biyo a ƙasan amsar shi ma duk ya tuɓe, babu ja, babu rawaya, babu kore.

Ya sake. Haka. Ya kashe ya kunna. Haka. Ya hura wa madannan iska, ya ɗan doki gefen kwamfutar kamar rediyo. Haka dai.

"Na gane," ya ce. "Sabis ne. Kala tana da nauyi, Sa'ida. Baƙin rubutu shafal yake, ko ta lungu zai wuce. Amma ja da zinariya sai an samu sarari. Ɗauko hijabinki da lema, Dutsen Dala za mu."

Ni da ko ƙofar gida ba na tsayawa, sai ga ni a saman Dala da rana tsaka, na riƙe wa kwamfuta lema, ni ina cikin rana. Yana tsugune yana juya ta gabas da yamma. Mutane suka fara taruwa. Wani dattijo mai sanda ya matso ya leƙa.

"Samari, wata ake dubawa? Ai da sauran kwanaki, kuma da yamma ake yi."

"Baba, kala muke turawa Abuja."

"To. Ta tafi?"

"Tana shiri."

"Allah ya kiyaye hanya," in ji dattijon, ya samu dutse ya zauna, wai sai ya ga tashinta.

Ba ta tashi ba. Batir ne ya mutu. Muka sauko, wata akuya tana bin mu tana cin gefen hijabina, ni kuma kunya ta hana in kore ta don kada in ɗaga murya a gaban maza.

Washegari ya ce ba sabis ba ne, zafi ne. Ranar Dala ta gasa kwamfutar, kalar tana narkewa kafin ta kai. A nan ne ni ma na kawo tawa gudummawar, don kada a ce 'yar baduku ba ta san komai a kan kala ba. Na ce, "A gidanmu fa, fata ba ta karɓar rini sai an ɗan jiƙa ta ta yi sanyi."

Ya dube ni da wani irin girmamawa da ban taɓa gani ba. "Kin ga amfanin zama da masu ilimi? Kin fara ɗauka."

Muka ɗora ta a kan murfin randa, na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen ɗankwali, ina yi mata fifita. 'Yardada ta shigo neman ashana, ta tsaya turus.

"Subhanallahi. Ashe rashin lafiya ake a ɗakin nan ba a faɗa ba? Sannu, baiwar Allah. Zazzaɓi ne ko shawara?"

"Iya, gyara ake," in ji maigidana.

"To a ba ta saɓara. Ko ta fi son allura?"

Kafin la'asar matan gida sun shigo ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta yi sallama, ta durƙusa, ta ce ya mai jiki. Wata har da kunun tsamiya ta kawo. Shi ya shanye.

Kalar dai ba ta dawo ba. Sai ya yi dogon tunani, ya buga cinya. "Cunkoso ne! Akwatin ya cika, kala ba ta samun wurin zama. In ɗaki ya cika da tarkace, ina baƙo zai shimfiɗa tabarma?"

Saƙonnin da ke ciki ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma ya share su tas, har da na Hajiya. Ya bi su inda sharar take taruwa, can ma ya share. "Injiniya ba ya rabin aiki," in ji shi. Amsar da yake rubutawa kaɗai ya bari.

Yana gamawa aka yi sallama. Baffa Gambo ne a ƙofar gida, hannuwansa jajur da karan dafi. "Malam Ɗayyabu, Yaya ya ce fatu sun iso daga majema. Wace kala da wace kala za a jiƙa?"

"Yanzu zan duba a na'ura, Baffa."

Ya dawo ya gangara can ƙasan amsar, inda rubutun Hajiya ya saura baƙi ƙirin. A nan ya ga layin ƙarshe, wanda tun farko bai kai kansa ba: kowane rukuni a yi masa jaka da kalar da na rubuta layinsa da ita.

Ya sake karanta layin.

"Ko a kira ta a waya?" na ce.

"Waya? Bayan na aika wa Baba cewa zamanin waya ya wuce? Ki bari kawai." Ya rubuta mata cewa an gani, za a yi komai kamar yadda yake a ƙasa, ya tura. Ba a jima ba ta amsa da kalma biyu: madalla, nagode.

Ya miƙe tsaye. "Kin gani? Ta duba ƙasa, ta ga baƙi, ta ce madalla. Baƙi take so!"

"Amma kamar na ga ja da rawaya da..."

"Hasken taga ne. Ke da ita wa ya fi sanin abin da take so?"

Ni kuwa na zauna na yi wa idanuna faɗa a zuci, na ce ku da ba ku gama sakandare ba har kun isa ku yi musu da kwamfuta?

Baffa ya kai saƙo. Ni ma na bi bayansa da sunan gaida Inna, na laɓe a soron ciki ina ji.

"Baƙi duka?" in ji Baba. "Biki fa aka ce, Gambo."

"Haka mijin Sa'ida ya ce. Wai shi ake yayi a Abuja."

Da wani ne ya kawo wa Baba wannan magana, da sai ya tambaya har ya gaji. Amma a ce ya mayar da manzo wajen surukinsa, a sake tambayarsa kamar ana zargin ya yi ƙarya? Wannan ba ya cikin tarbiyyar gidanmu. Sai ya ce, "To. A haɗa kuloko."

Kuloko shi ne baƙin rinin dukawa. Jar fata in ka ga dama ka mayar da ita baƙa, rawaya ma haka. Amma wadda ta sha kuloko ta sha ke nan har abada. Tun ina yarinya na san wannan. Na tsaya ina kallo ana shafe fatun nan ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na ce a raina shi ne, kai, mutanen Abuja akwai tsari.

Aka yanka, aka ɗinka, aka goge, jakunkuna suka fito suna sheƙi. Maigidana ya ce irin wannan aiki ba a miƙa shi a ɓoye. Ranar da Hajiya za ta zo, ya sa aka share ƙofar gidan Baba, aka shimfiɗa tabarmi, ya jera jakunkunan sahu-sahu, ya rufe su da farin yadi. Ya aro ƙaramin tebur ya ɗora kwamfuta a kai. Ya gayyato maƙwabta, da mai shayi, da masu ɗinkin takalmi na lungun baya. 'Yardada ba a gayyace ta ba, amma ita ta fara zuwa, da kujerarta. Mu mata muna cikin zaure, bayan labule.

Motar Hajiya ba ta iya shiga lungun ba, sai da ƙafa ta ƙaraso, tana ƙamshin turare. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Abuja. Maigidana ya gyara hula, ya yi jawabi a kan zamani da ci gaba, sannan ya kama gefen yadin ya yaye da ƙarfi.

Kowa ya zuba wa baƙaƙen jakunkunan ido.

Hajiya ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. "Alhaji Isyaku, aure zan yi wa Ikram. Wa ya ce muku rasuwa aka yi?"

Baba ya dubi Baffa. Baffa ya dubi maigidana. Maigidana ya dubi kwamfuta.

"Hajiya, ai haka kika rubuto. Har kika ce madalla."

"Na ce madalla don ka ce ka gani! Ina cikin hidimar biki zan tsaya karanta abin da ni na rubuta?" Ta zaro wayarta ta ɗaga. "Ga shi nan. Dangina ja, dangin ango rawaya, ƙawaye kore, kowa daidai da ankonsa."

Wayar ta zaga hannu-hannu. Mai shayi ya ce, "Wallahi ja ne." Wani ya ce, "Ga koren ma, shar."

"To a hanya ta zube," in ji maigidana. "Tsakanin Abuja da Kano akwai wuraren da sabis ba ya da ƙarfi, musamman wajen Kaduna."

"Kamar manja a bayan mota," in ji 'Yardada. "A bi titi da tsumma, wataƙila a samu ragowa."

Aka fashe da dariya. Ya ɗaga hannu. "Jama'a, abin ilimi ne. Na hau Dala saboda kalar nan. Na sanyaya na'ura. Na share akwati kaf."

"Ka share me?" in ji Hajiya.

"Cunkoso."

"Har da saƙona?"

"Shi ne ma ya fi nauyi."

Dariya ta ƙaru. Na leƙa ta gefen labule na ga Baba ya sunkuyar da kai, na ga Legas tana matsowa, har warin albasa nake ji. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, ni da akuya ta ci hijabina ban ce mata kul ba, sai na ji bakina ya buɗe.

"Wallahi ba sakaci ya yi ba! Mutum ne mai tattali! Tun ranar farko ma sai da ya taɓa wasu 'yan ɗigo a ƙasa, ya kunna wani abu don kada datar Baba ta riƙa zurarewa. Da idona na gani!"

Na tsaya ina jiran a ce kai, ashe haka ne, a ba shi haƙuri.

Hajiya ta juyo a hankali. "Wace ce wannan?"

"Matarsa ce," in ji Baffa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Malam, miƙo na'urar."

Ta taɓa 'yan ɗigon nan. Ta nuna da farce. "Wannan ka kunna? Wannan ai shi ke tuɓe wa saƙo kaya ya bar shi zigidir. Babu kala, babu manyan baƙaƙe, babu komai. Wa ya ce maka data yake ragewa?"

"Ana faɗa a cikin injiniyoyi."

Ta kashe abin da taɓawa ɗaya. "To, liƙa wani abu mai kala mu gani."

Da ya san abin da zai biyo baya, da ya ce batir ya mutu. Amma hannunsa ya saba, kwana da kwanaki abu ɗaya yake liƙawa. Ya danna. Sai ga shi ya cika fuskar kwamfutar, da ruwan zinariya, kowane harafi kamar ƙofar gari. Baffa Gambo ya matso, ya karanta da ƙarfi, dalla-dalla, yadda yake karatun allo:

"Injiniya Ɗayyabu, Babban Daraktan Sadarwa na Ƙasa da Ƙasa." Ya ƙanƙance ido. "Akwai wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasa. Tare da Alhaji Isyaku, mai taimakawa a ɓangaren fata."

Mai shayi ya zauna a ƙasa. 'Yardada ta ce a riƙe ta. Har Hajiya, duk da ɓacin ranta, sai da ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa na saki labule na jingina da bango, ina roƙon ƙasa ta yi min alfarma ta tsage.

Da aka lafa, Hajiya ta ce ita dai biki ya matso, kuma ba za ta raba wa dangin ango abin da za su ce ta yi musu fatan tsiya ba. Baba ya ce za a sake, ko da ba za a runtsa ba. Sannan ya juya wajen Baffa, don har a wannan rana bai dubi surukinsa ba.

"Gambo, ka gaya wa mijin Sa'ida, mai taimakawa a ɓangaren fata yana neman mai taimako. Gobe da sassafe ya zo ya kama tukunyar karan dafi. In an gama na Hajiya, waɗannan baƙaƙen shi zai riƙa fita da su kasuwa har sai sun ƙare. Maganar Legas kuma a jingine ta, ba inda za shi."

Jakunkunan nan suna da yawa, kuma mutanen Kano ba sa rububin baƙar jaka. Na yi lissafin zuci, na ga ko shekara mai zuwa war haka ba su ƙare ba. Na ja mayafi na rufe fuska. Inna ta ɗauka kuka nake, har tana bubbuga bayana.

Yanzu kullum da yamma yana dawowa hannu ɗaya ja, ɗaya rawaya, duk kwanukana sun yi shaida. Ya fara gaya wa mai shayi cewa dama can shi injiniyan kala ne, kwamfutar hanya ce kawai ta biyo da shi. Ni kuma ina nan ina gyaɗa kai.

Abu ɗaya ya roƙe ni, ranar da muka dawo gida daga taron nan. Ya zauna a bakin gado, ya dube ni.

"Sa'ida."

"Na'am."

"Na san don ƙauna kika yi. Amma don girman Allah, in kin ƙara ganin ana cin mutuncina a cikin jama'a, ki bar su su ci."